Wuƙar Ƙirar Hannu: Tambayoyin da Maƙera da Masu Tara Wuƙaƙe Suka Fi Yi

Duk wanda ya taɓa baje wuƙaƙen da ya ƙera mutane suka kewaye shi, ya san tambayoyin ba sa canzawa. Wannan ya ɗaga ya ce wane ƙarfe ne, wancan ya ce me ya sa ta fi ta kasuwa tsada, wani kuma ya ja ka gefe ya ce tasa ta tsage a ruwa, ina kuskuren yake. Su na tattara a nan, daga na mai shirin farawa zuwa na wanda ya riga ya ƙona yatsu.

1. Mece ce wuƙar ƙirar hannu, me kuma ya raba ta da ta shago?

Wuƙar kamfani inji ke datso ta daga fallen ƙarfe, dubbai a rana, duk kamarsu ɗaya, babu mutum guda da zai ce tasa ce. Ta hannu kuwa mutum ɗaya ne ya zana siffarta, ya fitar da ruwanta, ya ba ta horon wuta, wato gasawa da sanyayawar da ke sa ƙarfe tauri, ya sa mata ƙota, ya wasa ta. In ta yi kyau shi ne, in ta ɓaci ma shi ne. Ba a hana amfani da inji ba, yawancin masu yin ta a yau suna da injin gurza ƙarfe da na huda. Sharaɗin dai shi ne hannun maƙerin ke juya ƙarfen a kowane mataki, in kuma akwai matakin da ya ba wani ya yi masa, ya faɗa.

A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Maƙeran baƙi sun daɗe suna ƙera wa mahauta wuƙar fiɗa, su ƙera wa wanzamai aska, maƙeran Agadas kuma sun yi suna a takobi da wuƙar damtse. Sabon abin a Amurka ya taso, inda a ƙarni na 20 wuƙa ta zama abin da ake buga wa sunan maƙeri, a saya a ajiye kamar yadda wasu ke tara agoguna. Bo Randall ya fara ƙira a Florida a ƙarshen shekarun 1930, an kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Knifemakers' Guild a 1970, sai American Bladesmith Society a 1976 bisa jagorancin Bill Moran.

2. Wadda aka ƙera da guduma ta fi wadda aka gurza da inji?

Wannan gardama ta girmi yawancin masu yin ta. Hanya biyu ce: ko dai ka sa ƙarfe a wuta ka yi ta bugu har siffa ta fito, ko ka sami fallen ƙarfe ka zana wuƙar a kai, ka yanke, ka gurje duk abin da ba wuƙa ba. Moran na hanyar farko ne. Bob Loveless, wanda wuƙarsa ta farauta mai sunkuyayyen tsini ta zama abin kwaikwayo a duniya, na ta biyu ne, kuma babu mai hankalin da zai ce wuƙarsa ba ta yanka.

Ra'ayina, guduma ba ta zuba wa ƙarfe wani asiri. Ƙarfen zamani an riga an murza shi a masana'anta da ƙarfin da ba damtsen da zai kai. Amfanin bugu shi ne kana iya fitar da wuƙa daga ƙarfe zagayayye ko mai kauri, ba ka asarar ƙarfe da yawa, kuma akwai daɗin aikin da mai inji ba ya samu. Haɗarinsa kuma, in ka bar ƙarfe ya wuce kima a wuta ƙwayoyinsa na ciki su yi girma, ya zama mai saurin karyewa. Abin da ke raba wuƙa ta ƙwarai da ta banza yana tambaya ta 6 da ta 9.

3. Da wane kayan aiki zan fara?

Kaɗan ne. Zarton ƙarfe, magagari biyu ko uku, mamatsin da zai riƙe maka ƙarfe, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, da abin huda. In ƙira za ka yi, ƙara guduma, awartaki, da uwar maƙera. Kafin ka same ta, kan babbar guduma da aka kafa a kututture yana yi. Rami a ƙasa da bututu da zuga-zugi ko ƙaramar fanka sun isa murhu, gawayin kirya kuma maƙeranmu ba su zaɓe shi a banza ba, yana da zafi kuma yana jimawa.

Kada ka ƙi sayen gilashin kare ido da abin rufe hanci. Ƙurar ƙaho da ta katako da ta ƙarfe huhu take zama. Kuma kada ka kuskura ka sa ƙarfen da aka shafe da zinki a wuta, irin bututun ruwa mai fari-fari, hayaƙinsa yana kwantar da mutum.

4. Wane ƙarfe ya fi dacewa?

Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne kabon da ke cikinsa. Rodin gini da fallen da ake ƙofa da shi kabon ɗinsu bai kai ba, ko ka gasa su ka tsoma a ruwa ko mai sau goma don su taurara, ba za su riƙe kaifi ba. Ƙarfen wuƙa yana farawa ne daga kamar kashi 0.6 cikin ɗari. Lambobin da ake kiran ƙarafan da su ma suna faɗa: 1084 yana da kusan kashi 0.84, 1095 kusan 0.95, 5160 kuma kusan 0.60 tare da ɗan kuromiyam. Ga mai koyo babu kamar 1084, domin yana yafe kuskuren zafi, kuma man girki ya ishe shi wajen tsomi. 1095 ya fi shi tsiwa, yana son a sanyaya shi da sauri ƙwarai.

Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne mai kuromiyam daga kashi 10.5 zuwa sama. Harry Brearley ya gano shi a Sheffield ta Ingila a 1913. Irinsu 440C da 154CM suna yin wuƙa mai kyau, haka MagnaCut da Larrin Thomas ya haɗa ya fito a 2021, wanda masu tara wuƙaƙe ke rububinsa. Sai dai duk suna buƙatar zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, a tsaye cak na tsawon mintuna, cikin tanda mai ma'auni. Da gawayi da ido ba za ka iya ba. Wanda ya ce maka ya hore irin wannan ƙarfe a rami, ka yi masa tambayoyi.

5. Sifirin mota, boris da tsohon magagari fa? Su muke samu.

Su duniya ta fara da su. Loveless kansa wuƙarsa ta farko daga sifirin tsohuwar mota ƙirar Packard ya fitar da ita, bayan ya je sayen wuƙar Randall a birnin New York aka ce sai ya jira watanni. Maƙeran Nepal har gobe da sifirin manyan motoci suke ƙera kukuri, lanƙwasasshiyar wuƙarsu. Sifirin galibi 5160 ne ko ɗan'uwansa, mai juriya, ya dace da adda da babbar wuƙa. Zoben boris galibi 52100 ne, yana riƙe kaifi sosai amma yana da taurin kai a ƙarƙashin guduma. Tsohon magagari na ainihi yana yin ƙaramar wuƙa mai ci, sai dai na arha da yawa fatarsu kawai aka taurara, cikin laushi ne.

Matsalar kayan gwangwan, ko a Ƙofar Ruwa ka saya ko a Panteka, ba a rubuta musu suna. Sifirin da ya yi shekara ashirin yana ɗaukar lodi yana iya ɓoye tsagar da ido ba ya gani sai ranar tsomi. Don haka kafin ka ɓata kwana uku, yanki ɗan guntu, ka gasa, ka tsoma, ka sa a mamatsi ka buga. In ya karye ƙwas kamar kwalba, zai yi wuƙa. In ya lanƙwashe, ka yi ƙugiya da shi. Ranar sayarwa kuma ka ce sifirin mota ne, kada ka ce 5160 ne tunda ba ka auna ba (duba tambaya ta 16).

6. Mene ne horon wuta, me ya sa ake ta nanata shi?

Domin nan ne ƙarfe ke zama wuƙa, kuma nan ne kaɗai mai saye ba ya iya gani. Mataki uku ne. Na farko daidaita ƙarfen: bayan ka gama bugu, ka gasa shi ya yi ja, ka bar shi ya huce a iska, sau uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Wannan ke mayar da ƙwayoyin ciki ƙanana, ya kuma cire gajiyar guduma. Kafin mataki na gaba ka gama gurza da huda, amma ka bar bakin wuƙar da kaurin kamar milimita ɗaya. In ka sirance shi kamar aska zai murɗe ko ya tsage.

Na biyu taurarawa. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770. Irin su 1084 suna son a ɗan wuce nan, wajen digiri 800 zuwa 830. Sai ka ajiye maganaɗisu kusa, kana taɓawa, da ya saki ka ƙara ɗan lokaci kaɗan launi ya daidaita daga tsini har gindi, sannan ka tsoma cikin mai kai tsaye ba jinkiri. Yi wannan da magariba ko cikin inuwa mai duhu. A tsakar rana ido yana ƙarya, abin da ka gani ja-ja ya riga ya wuce kima. Ka kula da tsini, shi ke fara ƙonewa saboda sirantarsa.

Na uku sassauta taurin. Wuƙar da ta fito daga mai ta fi gilashi gautsi, in ta faɗi ƙasa tana iya rabewa biyu, in ka bar ta ta kwana ma tana iya tsagewa ita kaɗai. Da ta huce har hannu na iya riƙewa, ka sa ta a tandar girki a kusan digiri 200 na awa biyu, ta huce, ka sake. In babu tanda, ka goge ta ta yi haske, ka ɗora bayanta a kan ƙarfe mai zafi kana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Ruwan tsakin dawa, wato launin karan da ya bushe, shi ake nema a kaifi. In ya kai shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, ka yi sifirin ba wuƙa ba, sai a koma mataki na biyu.

7. Ruwa ko mai? Tawa ta tsage da na tsoma ta.

Ka shigo sahu. Wuƙata ta uku, daga magagari na fitar da ita, kwana huɗu ina gurza. Na tsoma ta a bokitin ruwan sanyi, sai na ji wani ɗan sauti, ƙyas, kamar an taka busasshen kara. Da na ɗaga, ga tsaga uku sun taso daga kaifi kamar gashi. Dattijon da nake zama a maƙerarsa bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Yaro, ka ji ta yi maka sallama?" Na ce, "Na ji, Baba." Ya ce to a jefa a kwandon ƙusa.

Ruwa yana zuƙe zafi da gaggawa, fata ta ƙanƙance kafin ciki, ƙarfen ya yaga kansa. Maƙeran Japan suna tsoma takubbansu a ruwa, amma sai sun shafe bayan da yumɓu, kuma su ma suna asara. Mai ya fi sauƙin kai. Man gyaɗa ko wani man girki da aka ɗumama zuwa kamar digiri 50 ya fi mai sanyi aiki, domin ɗumi na tsinka shi ya zagaya ƙarfen da sauri. Ka guji baƙin man mota, hayaƙinsa guba ne. Ka sa man a gwangwanin ƙarfe mai murfi, in ya kama da wuta ka rufe, kada ka zuba ruwa. A ciki ka motsa wuƙar gaba da baya ta wajen kaifi, in ka kaɗa ta gefe da gefe za ta karkace.

8. Ta yaya zan san ta yi tauri ba tare da na'ura ba?

Masu na'ura suna auna tauri da ma'aunin Rockwell, wuƙa mai kyau kan faɗa tsakanin 58 da 62. Kai da ba ka da ita, bayan tsomi goga sabon magagari a bakin. In ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, ta taurara. In ya ci, ba ta yi ba. Bayan ka sassauta ka wasa, danna gefen kaifin a kan sandar tagulla ka ja: kaifi mai kyau zai ɗan lanƙwasa ya dawo, mai gautsi zai ɓantare, mai laushi zai kwanta ya zauna.

Gwajin da ya fi kowane faɗin gaskiya shi ne ka karya ɗaya cikin wuƙaƙenka da gangan ka dubi cikin. In ya yi sumul launin toka kamar garin siminti, zafinka daidai ne. In ka ga ƙyalƙyali kamar ƙwayar sukari, ka ƙona ta. Da ciwo, amma gani ya kori ji.

9. Ta yi tauri, na wasa, amma ba ta yanka kamar yadda nake so. Me ya faru?

Kauri ne. Masu koyo kusan duka suna barin ƙarfe da yawa a bayan kaifi don tsoro, sai wuƙa ta aske gashin hannu amma ta tsaya a tsakiyar albasa tana fasa ta kamar gatari. Kaifi shi ke buɗe hanya, jikin wuƙa ke bi ta ciki. Wuƙar girki tana son sirara sosai a bayan kaifi da kusurwar kamar digiri 15 kowane gefe, ta daji ko ta sara ƙashi kuwa 20 zuwa sama. Kafin ka zana wuƙa ka san aikinta. Wuƙar yankan layya doguwa ce siririya mai santsi, ta fiɗa gajera mai tumbi, kuma wadda aka ce tana yin komai yawanci ba ta iya komai sosai.

10. Mene ne ƙarfen Dimashƙa? Da gaske ya fi kowane?

Abu biyu ake kira da wannan suna. Na asali ana narka shi ne cikin ƙananan tukwane a kudancin Indiya da Sri Lanka, a kai shi ƙasar Farisa da ƙasashen Larabawa a ƙera takubba masu zane kamar ruwa mai gudu. Kabon ɗinsa ya kai kusan kashi 1.5, zanen kuma daga cikin ƙarfen yake fitowa. Sana'ar ta mutu wajen ƙarni na 19. A shekarun 1990 masanin ƙarfe John Verhoeven da maƙeri Al Pendray suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin sinadari irin banadiyam da ke cikin tamar shi ke jera zanen.

Wanda ake sayarwa yau daban ne. Ana jera fallayen ƙarfe iri biyu, galibi 1084 da 15N20 mai nikel kusan kashi 2, a gasa su wajen digiri 1,200 zuwa sama, a buga su manne, a miƙe, a ninka, a sake. Falle 10 in an ninka sau biyar ya zama 320. Daga ƙarshe a tsoma a ruwan asid, mai nikel ya tsaya da haske, ɗayan ya yi baƙi. Moran ne ya farfaɗo da shi a Amurka, da ya baje irin waɗannan wuƙaƙe a taron Knifemakers' Guild na 1973. Wajen yanka bai fi ƙarafan da aka haɗa shi da su ba. Kuɗin ado da wahala kake biya, kuma ya cancanta in ka san abin da ka saya.

Na jabu sun cika kasuwa. Wani ya taɓa sayar mini da wata a matsayin Dimashƙa, da na goge gefen gindinta da samfefa na sake tsomawa a asid, zanen bai dawo ba, ashe a fata aka zana shi. Na gaske zanensa yana ratsa bayan wuƙar, in an goge an tsoma ya sake fitowa. Akwai kuma na gaske a ido amma da tarkacen ƙarfe marar kabon aka haɗa, kyan ɗan maciji. Gwajin magagari na tambaya ta 8 ke tona shi.

11. Da me ake yin ƙota?

Katako mai nauyi da ya bushe sarai: kanya, marke, kirya, maɗaci. Ɗanyen katako zai ƙanƙance da hunturu ya bar gefen ƙarfe yana cizon hannu. Ƙahon sa yana kyau in an goge, sai dai yana motsi da yanayi. Akwai kuma na haɗi irin Micarta, yadi ko takarda da aka matse da gam, ba ruwansa da jini ko ruwa. A manne da gam mai haɗi biyu, a kuma soke da ƙusoshin tagulla, kada a dogara da gam kaɗai. Ka riƙe ƙotar ido rufe, duk inda ta taɓa ka da kaushi yanzu, nan za ta yi maka kanta bayan awa ɗaya.

Hauren giwa ka bar shi. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989, na ƙahon karkanda kuma tun 1977, bayan buƙatarsa don ƙotar janbiya, wuƙar ƙugu ta mutanen Yaman, ta taimaka wajen rage yawan dabbar ƙwarai. Madobiya ma ta shiga jerin itatuwan da ake sa wa ido tun 2017, don haka in wuƙar za ta ƙetare iyaka, zaɓi wani icen.

12. Kube fa, ni zan yi ko in kai wa baduku?

Kai masa, sai in kana da hannun ɗinki. Wuƙa mai kyau cikin mummunan kube kamar ango ne da yagaggiyar riga. Abu biyu ka roƙa: fatar da aka jeme da bagaruwa, domin wadda aka jeme da gishirin kuromiyam tana sa ƙarfe tsatsa, da kuma tsiri na fata da za a sa tsakanin ɓangarorin biyu ta wajen kaifi, don wuƙa ta ci shi maimakon zare. In ka sayar, ka faɗi cewa kuben aikin wani ne.

13. Wane gwaji ake yi wa maƙeri kafin a kira shi gwani?

Wanda aka fi sani shi ne na American Bladesmith Society. Mai neman matakin farko yana zuwa gaban wani gwani da wuƙar da ya ƙera, ruwanta bai wuce inci 10 ba. Zai datse igiya mai kaurin inci ɗaya da ke rataye da sara guda. Zai sare katakon gini gida biyu, sau biyu. Bayan haka dole wuƙar ta aske gashi, ba ɓantara ba lanƙwasa. Sannan a matse tsininta a mamatsi, ya tanƙwara ta har digiri 90 ba ta karye ba. In ya tsallake, ya kai wuƙaƙe biyar gaban alƙalai su duba tsabtar aiki. Matakin gwani yana zuwa bayan aƙalla shekara biyu, a maimaita gwajin da wuƙar Dimashƙa mai falle 300 ko fiye.

Dabarar tanƙwarawar ita ce a taurara kaifi a bar baya da laushi. Ba wai kowace wuƙar girki sai ta iya haka ba. Gwajin yana nuna cewa mutum yana juya wuta yadda ya so, ba sa'a yake ci ba.

14. Yaya maƙera ke musayar wuƙaƙe a tsakaninsu, kuma me ake samu?

Akwai al'adar da maƙeran Amurka da Turai ke yi da ake iya kira wuƙa cikin hula. Mutum goma ko ashirin su yarda a kan iri ɗaya, a ce ƙaramar wuƙar fiɗa, a sa rana. Kowa ya ƙera tasa, a zuba sunaye a hula a ja, kowa ya aika wa wanda ya faɗo masa. Mai shekara ɗaya a sana'a yana iya samun wuƙar mai shekara talatin, shi kuma gwanin ya karɓi ta ɗan koyo. Akwai kuma wuƙar zagaye, guda ɗaya ta bi hannu biyar ko shida, kowa ya yi aiki da ita mako ɗaya ya faɗi abin da ya gani. Sai taron bugu, inda ake haɗuwa a maƙerar mutum ɗaya kwana biyu, kowa ya nuna dabararsa.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mai saye zai ce maka ta yi kyau, ɗan'uwanka maƙeri shi zai juya ta a haske ya nuna maka cewa gefen hagu ya fi na dama zurfi, ko akwai ramin da gam ya cike tsakanin ƙota da ƙarfe. Ni sai da wuƙata ta je hannun wani ta dawo da ƙaramar takarda kafin na san duk ƙotocina sun yi wa mai babban hannu gajarta. Sharaɗin musayar biyu ne: ka ba da mafi kyan abin da za ka iya, ba wadda ta ƙi sayuwa ba, kuma ka cika ranar da aka sa. Wanda ya karɓa bai aika ba, ba a sake sa sunansa a hula.

In ka karɓi ta wani, yi aiki da ita kafin ka yi magana. Fara da abin da ya yi daidai, sannan ka faɗi aibi ɗaya ko biyu da zai iya gyarawa, tsakaninku, ba a bainar jama'a ba.

15. Mene ne ladabin taɓa wuƙar wani a wajen baje koli?

Ko a babban taron Blade Show da ake yi a Atlanta duk watan Yuni, ko a kan tabarma a kasuwar ƙauye, ƙa'idar ɗaya ce. Nemi izini kafin ka ɗauka. Kada ka shafa ruwan wuƙar da yatsa, gumi yana barin tabo a ƙarfe mai kabon cikin awoyi. Kada ka gwada kaifi a kan tebur ko farce, kada ka kaɗa ta a iska. In za ka mayar, ajiye ta inda ka ɗauka ko ka miƙa ta ƙota gaba, kaifi na kallon waje. Kuma kada ka tsaya gaban teburin mutum kana ba da labarin wani da ke sayar da irinta a rabin kuɗi.

In Bature ya ba ka kyautar wuƙa ya ce ka ba shi kwabo, kada ka yi mamaki. Camfi ne nasu cewa kyautar wuƙa tana yanke zumunci, sai a mai da ita ciniki.

16. Ni mai saye ne. Me zan duba, kuma me ya sa take da tsada haka?

Riƙe ta tsini na kallonka, ka duba ko ta miƙe kuma kaifin yana tsakiya. Dubi inda gurzar ta fara a gefe biyu, su yi daidai. Bi mahaɗar ƙota da ƙarfe da farce, kada ya sami wurin shiga. Sannan ka yi tambaya uku: wane ƙarfe ne, wa ya ba ta horon wuta kuma ta yaya, wane ɓangare ne ba kai ka yi ba. Maƙerin kirki yana jin daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce sirri ne, ko ya hau ba ka labarin tsoma ta a wani ruwa na musamman, ka riƙe kuɗinka. Ni na fi son wuƙar sifirin da aka gaya mini gaskiyarta a kan mai walƙiya da ba a san asalinta ba.

Tsada kuwa lokaci ne. Ƙaramar wuƙa mai tsabtar aiki tana cin kwanaki, ban da waɗanda suka tsage a hanya. Daga nan sai suna: wuƙaƙen Loveless da Moran, da yake dukansu sun rasu, ana sayar da su dubban daloli. Amma kada ka sayi wuƙar maƙeri mai rai don kana jiran ta yi tsada, yawancinsu ba sa yi. Sayi wadda hannunka ya so. Ka roƙi 'yar takarda mai sunan maƙeri da irin ƙarfe da shekara, ka adana ta tare da wuƙar.

17. Laifi ne in kwaikwayi siffar wuƙar wani?

Siffofin gargajiya na kowa ne: puukko ta Finland, kukuri, wuƙar damtse ta Abzinawa. Siffar da aka san wani maƙeri da ita kuma, in yana raye ka tambaye shi, yawancinsu za su ce bismillah, wasu har su aiko maka da zane. In ka sayar ka ce bisa tsarin wane ka yi. Abin da ba a yafewa shi ne buga tambarin wani a kan aikinka, ko ka sayo ruwan wuƙa na kamfani ka sa masa ƙota ka buga naka tambarin kamar kai ka ƙera. Sa ƙota sana'a ce mai daraja, a kira ta da sunanta. Naka tambarin ka buga shi kafin tsomi, lokacin ƙarfe na da laushi, kuma ya zama abin da za a iya karantawa bayan shekara hamsin.

18. Yaya zan adana su, kuma yaya ake tafiya da su ko aikawa?

Ƙarfe mai kabon yana yin duhu-duhu da amfani, musamman in ya yanka albasa ko lemo ko nama. Wannan ba aibi ba ne, yana ma kare shi. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba. Wanke da hannu, share nan take, shafa ɗan mai. Kada ka ajiye wuƙa cikin kube wata da watanni, fata tana riƙe laima, da damina mako biyu ya isa ta yi tabo. Naɗe ta a tsumma mai ɗan mai, kuben a gefe.

A jirgin sama sai cikin jakar da ake aunawa a ba da, ba ta hannu ba. Dokoki sun bambanta: a Birtaniya ba a yawo da wuƙa ba dalili sai 'yar ninkawa marar makulli da ba ta wuce inci 3 ba, a Jamus kuma marar ninkawa da ta haura santimita 12 ba a ɗaukar ta haka kawai. A garuruwanmu ma, da yadda fadan daba da ƙwacen waya suka sa jami'an tsaro sa ido, kada ka soke ta a ƙugu ka ce ai sana'arka ce. Naɗe ta, sa a jaka, riƙe shaidar sana'a ko rasit. In aikawa za ka yi, tambayi kamfanin ko yana karɓa kuma ko ƙasar da za ta je ta yarda, ka rubuta gaskiyar abin da ke ciki. Soka tsinin a guntun katako ko toton kwalba, naɗe ruwan da kwali mai kauri ka ɗaure, sannan ka girgiza kwalin kusa da kunnenka. In ka ji motsi, buɗe ka sake shiryawa.